Hoton nukiliya na yara: tambayoyin da iyaye ke ta yi min

Hoton nukiliya shi ne wanda ake yi wa yaro allurar magani mai fitar da radiyeshan kaɗan, sannan a ɗauki hoton cikin jikinsa da kyamara ta musamman. Kullum dai tambayoyin nan ne, to bari in amsa su wuri ɗaya.

Radiyeshan ɗin zai zauna a jikin yaron?

A'a. Yawanci sinadarin teknishiyam-99m, mai fitar da radiyeshan ɗin, ake amfani da shi, duk awa 6 ƙarfinsa na raguwa da rabi, kwana ɗaya saura kashi ɗaya cikin 16, ga shi yana fita ta fitsari. A ba shi ruwa, a canja famfas da wuri, a wanke hannu.

Ai an auna nauyinsa watan jiya, me ya sa za a sake?

Don Allah ku daina jin haushin wannan. Maganin nan da nauyi ake lissafa shi, ba da shekaru ba. Hoton ƙoda na DMSA (sunan maganin kenan), a ƙa'idar Amurka, MBq 1.85 ne kan kowane kilo (MBq ma'aunin ƙarfin maganin ne), wato yaro mai kilo 20 zai samu MBq 37. Yanzu a ce an rubuta nauyinsa da laba, 44, wani ya ɗauka kilo ne, kun ga ya samu sama da ninki biyu kenan. Kada uwa ta ce "kamar kilo 15 ne", a ɗora shi kan sikeli ran da za a yi.

Zai jawo masa ciwon daji (kansa)?

Haɗarin ƙanƙani ne. Hoton DMSA kusan mSv 1 ne (mSv ma'aunin radiyeshan ɗin da jiki ya samu ne), a duniya kuwa mutum na samun kusan 2.4 zuwa 3 a shekara daga ƙasa da iska. Sai dai jikin yara ya fi na manya jin radiyeshan, shi ya sa ake ta ƙwaƙƙwafin lissafi.

Allurar ta kauce jijiya, hannun ya ɗan kumbura, za a sake masa wata?

To nan fa babu amsa ɗaya. Ya danganta da yawan abin da ya tsaya a ƙarƙashin fata, wani lokacin kaɗan ne hoton ya fito yadda ake so a wuce wurin, wani lokacin kuma rabin maganin na hannu, hoton ya yi dishi-dishi likita ba zai iya karanta shi ba. Ana iya sa hannun a gaban kyamara a ga abin da ya taru. In dole sai an sake, yawanci ba ranar ba, sai na farko ya lafa, kuma likitan sashen ne zai yanke, ba ma'aikacin da ya yi allurar ba, ba kuma ku ba don kun gaji da jira. Kumburin teknishiyam kan sauka da kansa, amma in wurin ya yi ja ko yaron na kuka in an taɓa, ku dawo. Ku tabbatar an rubuta abin a fayil ɗinsa.

Ba rashin kunya ba ne in tambayi mai allurar?

Ɗanki ne fa. Kafin a soka, ki ce a karanta miki abin da ke jikin sirinjin, sunan yaron, sunan maganin, da nauyin da aka yi lissafi da shi.