Zamanantar da Wuraren Binciken Kaya a Iyakar Najeriya da Nijar

Wurin binciken kaya na kan iyaka, wanda direbobi da fatake suka fi kira boda, shi ne inda ake tsayar da mota da mutum da dabba a duba su kafin su tsallaka wata ƙasa ta tudu. A Najeriya hukumomi da dama ne ke zaune a wurin: kwastan masu karɓar kuɗin fito, jami'an shige da fice, NDLEA, NAFDAC, da masu duba lafiyar dabbobi da amfanin gona. Zamanantar da wurin ya ƙunshi sabunta gini da filin tsayawar manyan motoci, kafa sikana (na'urar haska cikin kaya) da sikelin auna mota, da mayar da aikin takarda kan kwamfuta.

Alaƙarsa da Kano

Tun da aka cire Jigawa daga Kano a 1991, jihar Kano ba ta da iyaka da wata ƙasa. Duk da haka da wuya a sami birnin da abin da ke faruwa a boda ya shafa kamar Kano. Hatsin Dawanau, atamfar Kantin Kwari da kayan masarufin Singa suna bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Maigatari da Kwangwalam zuwa yankin Damagaram. Shanu da raguna da raƙuma kuwa ta nan suke gangarowa, musamman ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci. Ofishin kwastan mai kula da Kano da Jigawa ma a cikin birnin yake.

Kanawa sun ji wannan a jikinsu lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu a Agustan 2019. Sai a Disambar 2020 aka buɗe Maigatari da Illela, Jibiya kuwa ta jira har Afrilun 2022. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe ɓangaren Najeriya a Maris 2024.

Binciken hannu da na sikana

A tsohon tsari, jami'i ba shi da hanyar sanin abin da ke ƙarƙashin lodi sai an kwance tamfol. 'Yan dako su sauke buhuna a ƙasa, a soka wasu a ga abin da ke ciki, a ƙirga, sannan a sake lodawa. Mai kaya ne ke biyan ladan saukewa da na mayarwa. Mota guda takan cinye wuni, na bayanta suna layi cikin rana. In albasa ce ko tattasai ta fara lalacewa, in dabbobi ne su galabaita da ƙishirwa. A irin wannan jira ne cin hanci ke samun ƙofa, domin wanda kayansa ke ruɓewa ba ya iya dogon ciniki.

Sikana tana haska cikin tirela ko kwantena cikin 'yan mintoci, hoton ya fito a allo, a gwada shi da abin da aka rubuta a takarda. Wadda aka yi shakka a kanta kaɗai ake warewa a buɗe. Sai dai sayen na'ura shi ne mai sauƙi. Tana son wuta mai ɗorewa, da kariya daga ƙurar hunturu, da injiniyan da zai gyara ta. Najeriya ta kafa irinsu a tashoshin ruwa da wasu iyakoki daga 2006, amma da yawansu sun daina aiki bayan da suka koma hannun kwastan a ƙarshen 2013.

Ta fuskar takardu, an yi sabuwar dokar kwastan a 2023, kuma daga 2024 hukumar ta fara amfani da manhajar B'Odogwu wajen shigar da bayanan kaya da biyan kuɗin fito.

Boda ta haɗin gwiwa da tashar tsandauri

Tsarin da ECOWAS ta fi ƙarfafawa shi ne jami'an ƙasashe biyu su zauna a harabar guda, mota ta tsaya sau ɗaya. Irinsa ne aka buɗe a Seme, tsakanin Najeriya da Benin, a Oktoban 2018. Ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025 ta sa yin haka a arewa sai da yarjejeniya tsakanin gwamnatocin biyu.

Wata dabarar ita ce jawo binciken cikin gari. Tashar tsandauri, wato wurin da ake aikin tashar jiragen ruwa a kan tudu, ta Dala da ke Zawaciki a Kumbotso, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023, an yi ta ne don ɗan kasuwa ya kammala da kwastan a Kano. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai ratsa Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya.

Babban abin da gini ba ya magancewa shi ne shingayen kan hanya. Motar da aka sallama a Jibiya ana iya tsayar da ita sau da yawa kafin ta iso Dawanau, kuma iyakar mai tsawon kusan kilomita 1,500 cike take da ɓarauniyar hanya da 'yan fasa-ƙwauri ke bi da babura, inda babu sikana ko sikeli.