Faɗin bututun hayaƙi ba shi ne tsaro ba

An daɗe ana ɗauka cewa tunda gas ba ya baƙin hayaƙi, kowane tsohon bututun bulo zai iya fitar da iskar tukunyar ɗumama gida, kuma wai gwargwadon faɗinsa gwargwadon kyansa. Abin ba haka yake ba.

Tsofaffin bututun nan an gina su ne don wutar itace da gawayin kwal, masu hayaƙi mai zafin gaske. Zafi ne ke tura hayaƙi sama. Iskar da tukunyar gas ke fitarwa ba ta kai wannan zafin ba, ga ta kuma cike da tururi: ƙona kubik mita 1 na gas yana samar da ruwa kusan lita 1.6. Idan ta shiga faffaɗan bututu mai sanyi sai ta yi nauyi. Da zafinta ya sauka zuwa wajen digiri 55 na ma'aunin Celsius, tururin ya zama raɓa mai tsami, ta riƙa cin simintin da ke tsakanin bulo har ya farfashe. Ɓaraguzai su toshe hanya, iskar kabon monoksaid mai guba ta dawo cikin ɗaki. Ita kuwa ba ta da wari balle launi, nan ne ma haɗarin yake.

Shi ya sa ƙwararru ke zura siririn bututun ƙarfe mara tsatsa a cikin tsohon, daidai da ƙarfin tukunyar. Sababbin tukwane masu tatse zafin tururi kuwa nasu bututun daban ne, galibi na roba, fanka ke tura iskar zuwa waje.