Mai tafiya a ƙafa da titin birni: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Wai mai tafiya a ƙafa ma yana cikin lissafin tsara titi?

Shi ne na farko a lissafin. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙafa ne. In aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowa asara.

Ba su ne ba sa duba hanya ba?

Don Allah a daina faɗin haka. Yaro ɗan firamare bai iya auna gudun mota da ido ba, tsoho kuma ƙafa ba ta ɗaukarsa da sauri. Mutum zai yi kuskure, aikin mai tsara titi shi ne kada kuskuren ya zama ajali. A kan wannan tunani ne majalisar Suwidin ta kafa manufarta ta hanyoyi a 1997, kuma a 2019 birnin Oslo na Norway ya ƙare shekara ba a kashe mai tafiya a ƙafa ko ɗaya ba.

Gudu nawa ya dace a cikin unguwa?

Kilomita 30 a awa, duk inda mutane da motoci ke cakuɗe. Haka taron ministocin ƙasashen duniya kan kiyaye haɗarin hanya, da aka yi a Stockholm babban birnin Suwidin, ya amince a 2020. Ga lissafin: a busasshiyar kwalta, mai gudun 30 zai tsaya cak cikin kimanin mita 13. Mai gudun 50, wanda shi ne iyakar cikin gari a Najeriya, yana cin mita 14 a daƙiƙa ɗayar da direba ke ɗauka kafin ya kai ƙafa birki, wato ya wuce mita 13 ɗin nan tun ƙafarsa ba ta taɓa birki ba.

To a kafa allon iyakar gudu mana?

Direba faɗin titi yake karantawa, ba allo ba. Ka shimfiɗa masa layi uku miƙaƙƙe, zai ƙara wuta.

Babban titi ya raba unguwarmu da kasuwa. Gadar sama za mu nema ko wurin tsallakawa a ƙasa?

Ya danganta, kuma kada kowa ya ba ku amsa bai tsaya a wurin ba. In hanya ce irin ta filin jirgin Abuja ta wajen Lugbe, ko titin Ikorodu a Legas, mai layuka da yawa da gudu mai tsanani, gada ce mafita, babu musu. Amma ku san abin da kuke nema. Sai an ɗaga ta wajen mita 6 don tirela ta wuce, wato matakala kusan 40 a hau, 40 a sauka. Ku dubi mai juna biyu da goyo a baya, ko mai turin ruwa da jarkoki a kura, ko mai keken guragu. In za a yi musu gangara mai kyau, kowace mita ɗaya ta tsayi tana son mita 12 a kwance, fiye da mita 70 ke nan a kowane ɓangare. Da yawa ba a yin gangarar. In kuma babu fitila da dare, mata sun gwammace su ratsa ta ƙasa, kuma ba su yi wauta ba. Abin da ya fi muni, direba da ya ga gada yakan ɗauka titin ya zama nasa shi kaɗai, ya ƙara wuta.

In titin cikin gari ne, mai shaguna da masallaci da 'yan adaidaita sahu suna ɗauka suna saukewa, yawanci ƙasa ta fi. A ɗaga wurin tsallakawar kamar santimita 10, samansa a shafe, hawansa a hankali, ba irin tudun siminti mai kaifi da matasa ke yi bayan an buge yaro ba, wanda ke kayar da ɗan acaɓa da dare. A bar tsibiri a tsakiya mai faɗin mita 2, mutum ya tsallaka rabi ya tsaya. A sa fitila a kansa. In akwai danja, a ba kowace mita ɗaya daƙiƙa ɗaya saboda tsofaffi. Sai dai ko wannan ba zai yi aiki ba in an sa shi nesa da inda mutane suka saba bi. Ku tsaya safe da yamma na 'yan kwanaki, ku ƙirga masu tsallakawa, ku dubi inda ƙafa ta cinye ciyawar tsakiyar titi. Da wannan ƙidayar za ku je ma'aikatar ayyuka, kada ku zuba siminti da kanku.

Masu tebur sun cinye gefen titi, a kore su?

A kore su yau, jibi sun dawo, abincinsu a nan yake. A bar wa masu tafiya mita 2 da babu komai a kai, a ja wa masu sana'a layi a bayanta. Kafin ma a zo kansu, a rufe lambatu, a hana ajiye mota a wurin. Buɗaɗɗen lambatu da motocin da ake ajiyewa ne suka fara tura 'yan makaranta kan kwalta.