Ta Ina Zan Fara Zaɓen Labule? Tambayoyi Da Amsoshi

An yi fenti, an jera kujeru, amma taga tana nan tsirara saboda an rasa irin labulen da za a rataya. Ga tambayoyin da aka fi yi a wannan gaɓa.

Ina zan samo dabarar irin labulen da zai dace da ɗakina?

Daga ɗakin kansa. Kafin ka buɗe waya, zauna a ciki da hantsi, ka sake zama da la'asar, ka ga yadda haske ke shigowa. Tagar da ke kallon gabas hasken safe take sha, wadda ke kallon yamma kuwa ita ke kwasar zafin rana har faɗuwarta, don haka ba labule ɗaya suke buƙata ba. Sannan ka dubi abin da ya riga labulen shiga ɗakin: kafet, kujeru, launin bango. Sau da yawa launin da kake nema yana nan ɓoye a zanen kafet ko jikin matashin kujera, wani ɗan ratsin kore ko ruwan ƙasa da ido bai cika lura da shi ba. Ɗauko shi ka mayar da shi launin labule, sai ka ga ɗakin ya haɗu kamar tare aka sayo komai.

Hotunan shafukan intanet irin su Pinterest da Instagram fa?

Suna da amfani, amma ba don a kwaikwaye su sak ba. Tara duk wanda ya burge ka, bayan 'yan kwanaki ka jera su ka duba abin da ke ta maimaituwa. Wataƙila ka tarar duk masu launi ɗaya ne marasa zane, ko duk sun sauka har ƙasa. Wannan shi ne ainihin abin da ranka ke so. Sai dai ka tuna yawancin hotunan a ɗakuna masu dogon silin da manyan tagogi aka ɗauke su, kuma mai hoto ya gyara hasken. Ɗakin otel da gidajen mutane sun fi gaya maka gaskiya, domin a can kana iya taɓa yadin, ka ja shi, ka ga yadda yake zuba.

Na sayi yadi mai kyau, amma da aka rataya bai yi kyan na hoton ba. Me ya jawo?

Galibi awo ne, ba yadin ba. Abu na farko faɗi. Labule yana yin kyau ne idan ya tattaru, saboda haka faɗin yadin ya kamata ya ninka tsawon sandar labulen kamar sau biyu. Mai shara-shara ma yana iya kaiwa sau uku. Idan sandar mita 2 ce, ana maganar yadi mai faɗin mita 4. Wanda ya yanka daidai faɗin taga, labulensa zai miƙe samɓal ba ko tattara ɗaya idan aka rufe.

Na biyu inda aka kafa sandar. Mutane kan liƙa ta a kan goshin taga, alhali ɗaga ta da santimita 10 zuwa 15, ko ma kusa da silin, yana sa ɗaki ya yi kamar ya ƙara tsayi. A gefe da gefe kuma a bar ta ta zarce tagar da kamar santimita 15 zuwa 25, yadda idan aka yaye labulen zai tsaya a jikin bango, ba zai tare haske ba.

Na uku tsayi. Ko dai ya tsaya a bakin taga, ko ya sauka ya rage kamar santimita 1 ya taɓa ƙasa. A ganina babu abin da ke kashe labule kamar ya tsaya a tsakani, tamkar wandon da ya yi wa mai shi kaɗan.

Wane yadi ya fi?

Ya danganta da aikin da kake so ya yi. Auduga da lilin suna da kyan zubi, amma sukan tsuke bayan wanki, shi ya sa gara a wanke su kafin tela ya sa almakashi. Foliyesta ya fi jure rana da wanki. Karan-miski yana da nauyi, yana tare haske da rage ƙara, amma ƙura na son sa. Siliki kuwa rana ce abokiyar gabarsa, in babu shafi a bayansa nan da nan zai koɗe. A ɗakin kwana mutane da yawa kan haɗa biyu: mai shara-shara da rana, mai kauri da dare. Kar a manta, shara-shara yana suturta ɗaki ne da rana kawai. Da zarar an kunna fitila da dare, na waje yana ganin na ciki.

Dole sai labule?

A'a. Kicin da banɗaki, inda tururi da maiƙo suke, sun fi dacewa da makarin taga wanda ake naɗewa sama ko mai siraran falle na alminiyam, domin gogewa kawai ake yi. Idan da ƙananan yara a gidan, zaɓi marar igiya, ko a ɗaure igiyar can sama inda hannunsu ba zai kai ba, saboda tana iya shaƙe yaro.

Me ya sa launin ke canzawa idan na kawo shi gida?

Hasken kanti daban, na ɗakinka daban. Kwan fitila mai ɗan ja-ja yakan mayar da farin yadi ruwan madara, mai fari fat kuma yakan sa ruwan toka ya koma kamar shuɗi. Nemi ɗan ƙyalle na yadin, ka maƙala shi a gefen taga, ka dube shi da rana, ka sake dubawa da dare bayan ka kunna fitila, kafin ka ce a yanka maka.