Lahamiyyar hanci: tambayoyin da mutanenmu na Makka da Jidda ke yawan yi

Wai ita lahamiyya ɗin nan, nama ne ya fito a hanci?

Sunan ne ke ruɗa mutane. A nan Saudiyya in likita ya ce maka kana da lahamiyya sai ka ɗauka wani tsokan nama ne, alhali fatar nan mai laushi da ta shimfiɗe cikin hanci da kogunan da ke bayan kumatu da goshi ce ta daɗe tana kumburi, ta cika da ruwa har ta zazzago tana reto kamar inibin da aka ɓare. Ba cutar kansa ba ce, yawanci ba ta zafi, kuma galibi ɓangare biyu take kamawa. Ta yara ƙanana masu minshari suna barci baki buɗe, wadda ita ma ake kira lahamiyya, wannan daban ce, can bayan hanci take.

Ta yaya zan bambance ta da mura?

Mura sati ɗaya ko biyu ta tafi. Wannan kuwa hanci a toshe sama da sati 12, majina na gangarawa maƙogwaro, goshi da nauyi, sannan babbar alamar, ƙanshi ya ɗauke. Uwargida ta turara gida da bakhur kowa na yabawa ke ba ki ji komai ba, ko kabsa ta ƙone a tukunya sai maƙwabta ne suka fara ji. Tabbatarwa dai sai likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa da siririyar kyamara, wani lokaci ya sa a yi hoton CT.

Hasasiyya, wato alaji, rashin jituwar jiki da wani abu, ita ce ke kawo ta?

Toh a nan ne ake yawan kuskure. Akwai masu hasasiyya shekara da shekaru, atishawa ba ƙaƙƙautawa, ba su taɓa yin tsiron ba, akwai kuma masu tsiron da aka gwada ba a samu hasasiyyar komai ba. Tushen shi ne kumburin da ya ƙi kwantawa, inda wasu ƙwayoyin farin jini da ake kira eosinophil suke taruwa a fatar hancin. Hasasiyya tana hura wutar ne kawai, haka ƙurar da iska ke tasowa, hayaƙin turare, sigari da shisha, da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da aka yi watanni ba a wanke matacinsa ba, mu kuma a ƙarƙashinsa muke wuni muke kwana. Akwai kuma wani nau'i da jiki ke yin hasasiyya ga funfuna, an san shi a wurare masu zafi da danshi, kuma kowa ya san yadda danshin Jidda yake.

Me ya haɗa ta da asma?

Hanci da huhu hanya ɗaya ce, kumburin iri ɗaya ne, shi ya sa ake yawan ganinsu tare. Wasu ma abu uku ke haɗe musu, tsiron hanci, asma, da rashin jituwa da asfirin, abin da wani likita mai suna Samter ya yi bayani a 1968. Irin waɗannan in suka sha asfirin ko Brufen ko Voltaren numfashi na iya sarƙewa nan take, don haka in kana da biyun farko kar ka shiga saidaliyya, wato kantin magani, ka ɗauki maganin ciwon jiki kai tsaye, ka tambayi likita tukuna.

Dole sai tiyata?

A'a. Ana farawa da wanke hanci da ruwan gishiri da feshin kortizon, maganin kwantar da kumburi, irin su mometasone ko fluticasone, kullum, kuma sai an yi makonni ake ganin aiki, mutanenmu kuwa kwana 4 sai a ce ba ya yi a jefar. In ta yi tsanani a ba da ƙwayar prednisolone ta 'yan kwanaki, amma masu ciwon suga su faɗa wa likita don tana ɗaga suga. Shi kuma Otrivin, feshin buɗe hancin nan da kowa ke yawo da shi a aljihu wallahi ba ya taɓa tsiron, buɗewar ɗan lokaci ce, in ka wuce sati kana fesawa hancin ya saba, toshewar ta fi ta da.

An yi wa yayana tiyata amma ta dawo, likitan ne bai iya ba?

Ba lallai ba ne, ɗan'uwa. Tiyatar da ake yi da kyamara ta cikin hanci tana cire tsiron ta buɗe hanya, amma kumburin da ya haife shi yana nan, kamar ka sare ciyawa ka bar saiwa. Shi ya sa ake ci gaba da feshi da wanki bayan tiyata, da yawa kuma a nan suke sakaci da zarar sun ji iska na shiga. Ga waɗanda take ta dawo musu akwai allurai irin su dupilumab da Amurka ta amince da shi don wannan ciwon a 2019, sai dai akwai tsada sosai, a fara bincika ko ta'amin ɗin mutum, wato inshorar lafiyarsa, zai ɗauka.

Yaushe ne bai kamata a jira ba?

In toshewar ɓangare ɗaya ce kawai, ko ana ganin jini a kai a kai, ko ido ya kumbura, ko gani ya fara rabuwa biyu, ko ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi, a tafi asibiti ranar. Haka in yaro ƙarami ne aka ga ainihin tsiron a hancinsa, likitoci kan so su gwada shi don cutar cystic fibrosis, wata cutar gado mai sa majina ta yi kauri.