Waiwaye: Daga hatsarin jirgin Rena zuwa hana kamun kifi a tekun Motiti

Tun ranar 11 ga Agustan 2021, ba a yarda kowa ya jefa fatsa ko taru a wurare uku da ke kewaye da tsibirin Motiti, a yankin Bay of Plenty na ƙasar Niyu Zilan ba. Ɗan kasuwa mai babban jirgi da mai kamun nishaɗi da ɗan asalin tsibirin, duk haramcin ya hau kansu. Dokar tana cikin kundin tsarin gaɓar teku na majalisar yankin, amma ba da son ranta majalisar ta rubuta ta ba. Shekaru ta yi tana cewa ba huruminta ba ne, sai da kotu ta tilasta mata.

Majalisun yankuna na Niyu Zilan an kafa su ne a 1989, lokacin da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul. A 1991 aka kafa Dokar Kula da Albarkatun Ƙasa, wadda kowa a can yake kira RMA, ta ɗora musu kula da ruwa da iska da kuma teku, daga inda igiyar ruwa take kaiwa a gaɓa har mil 12 cikin teku. Kowace majalisa sai ta rubuta tsarinta na gaɓar teku, Ministan Kare Muhalli ya sa hannu. Shi kuwa kifi an ware masa tasa hanyar: tsarin rabon kaso na 1986 da Dokar Kamun Kifi ta 1996, duk a hannun gwamnatin tsakiya. Kowa ya tafi a kan cewa majalisa na iya tsara inda za a gina mashigar jiragen ruwa ko a zubar da ruwan datti, amma kifin da ke iyo a cikin ruwan ba ruwanta da shi. Haka aka zauna sama da shekara ashirin.

Da tsakar daren 5 ga Oktoban 2011, jirgin dakon kaya mai suna Rena, ɗauke da kwantena 1,368, ya taso daga Napier zai shiga tashar Tauranga. Matuƙan suna sauri su cim ma lokacin shiga tasha, suka yi yanke, jirgin ya hau kan duwatsun ƙarƙashin ruwa na Astrolabe, waɗanda Maori, 'yan asalin ƙasar, ke kira Otaiti. Kimanin tan 350 na baƙin mai ya tsiyaye cikin teku. An tsinci gawar tsuntsayen ruwa kusan 2,000, dubban mutane suka fito da safar hannu da shebur suna kankare dunƙulen mai daga yashin gaɓa. A Janairun 2012 jirgin ya rabe biyu. Daga baya aka ɗaure kyaftin ɗin da jami'in da ke duba hanya wata bakwai-bakwai.

Mutanen Motiti su ne suka fi kowa kusa da wurin, kuma daga wannan teku suke ci. Sai dai masifar ta zo da wani abin da ba a zata ba. Domin masu aikin kwashe tarkace su yi aikinsu, an hana jiragen ruwa kusantar duwatsun har zuwa 2016. Shekara huɗu da 'yan watanni ba wanda ya kama kifi a nan, kuma masu ninƙaya da suka leƙa ƙasa sun ga kifi ya dawo da yawa.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san wannan teku. Akwai wata halitta mai ƙaya a jiki da ake kira kina, wadda abincinta shi ne doguwar ciyawar teku. Manyan kifayen snapper da manyan jatan lande su ne ke cin kina. Idan masunta suka kwashe manyan, kina sai ta yi yawa ta cinye ciyawar ƙarƙaf, a bar dutse fari fat, babu inda ƙananan kifi za su ɓuya. Maori sun daɗe da sanin maganin, suna da al'adar rahui, wato a killace wuri a bar shi ya huta, kamar yadda ake hana kamun kifi a Matan Fada na Argungu sai lokacin biki.

Da aka zo buɗe wurin, ƙungiyar mutanen tsibirin mai suna Motiti Rohe Moana Trust ta nemi majalisar yankin ta sa kariya a cikin tsarinta. Majalisa ta ce dokar RMA ta hana ta taɓa harkar kifi. Ƙungiyar ta kai ƙara Kotun Muhalli, a ƙarshen 2016 ta yi nasara. Babban Lauyan Gwamnati ya ɗaukaka ƙara, aka je Babbar Kotu a 2017, aka wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara. A Nuwamban 2019 kotun ta yanke cewa majalisar yanki na da ikon taƙaita kamun kifi idan manufarta kare halittun teku ce, ba rabon kifi tsakanin masunta ba. Ƙungiyar kare muhalli ta Forest & Bird ta mara wa mutanen tsibirin baya a shari'ar. Wuraren da aka rufe su ne Otaiti da duwatsun da ke kusa da shi, da Motuhaku, da Motunau.

A ganina hukuncin ya yi daidai. Ba ma'ana a ce wa hukuma ta kare halittun teku, sannan a hana ta duba abin da ya fi komai rage su. Amma masu ƙorafi ma suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Masu kamun kifi na nishaɗi sun ce a ɗakin kotu aka yanke maganar, yawancinsu ba su san ana yi ba sai da aka gama. Cikin Maori ɗin ma kai bai haɗu ba, domin haramcin ya shafi kamun gargajiya, kuma wannan batu ne mai zafi a ƙasar tun rikicin mallakar gaɓar teku na 2004. Laifin wannan kuwa yana wuyan majalisar: da ta karɓi aikin tun farko, da ta tara jama'a kowa ya faɗi albarkacin bakinsa kafin a ja layi a taswira.

Hukuncin bai tsaya a Motiti ba. A yankin Northland an bi wannan hanya aka rufe Mimiwhangata da Maunganui Bay. Ita kanta dokar RMA ta shiga tangal-tangal: gwamnatin jam'iyyar Labour ta kafa dokokin da za su gaje ta a 2023, sabuwar gwamnatin Firayim Minista Christopher Luxon ta soke su a Disambar shekarar, tare da alkawarin kawo nata. Abin da za a zuba ido a gani shi ne ko sabuwar dokar za ta bar wa majalisun yankuna ikon da mutanen Motiti suka ƙwato musu a kotu.