Fim ɗaya, darakta ɗaya: dokar da ke yanke sunan da za a rubuta a finafinan Amurka

Wanda aka rubuta sunansa a matsayin mai ba da umarni a fim ɗin Amurka ba lallai ne shi ya yi aikin tun daga farko har ƙarshe ba. Fim ɗin Bohemian Rhapsody na 2018 ya ci kyautar Oscar huɗu, kuma sunan Bryan Singer ne a jikinsa. Alhali an sallami Singer saura 'yan makonni a kammala ɗauka, Dexter Fletcher ne ya ƙarasa aikin, amma sai aka sa shi cikin jerin furodusoshi. Ba rowa kamfanin ya yi masa ba, doka ce ta hana a rubuta su biyun.

Dokar nan ba majalisa ce ta yi ta ba, babu kuma ɗan sandan da zai kama wanda ya karya ta. Yarjejeniya ce tsakanin manyan kamfanonin fim da ƙungiyar daraktocin Amurka, wadda aka fi sani da DGA. An kafa ƙungiyar a 1936, King Vidor ne shugabanta na farko, kuma akan sabunta yarjejeniyar kusan duk bayan shekara uku. Ƙarfinta yana wuri ɗaya: ɗan ƙungiya ba ya yi wa kamfanin da bai sa hannu ba aiki, kamfanin da ya sa hannu kuwa dole ya bi kowane sharaɗi, in ya saɓa a kai shi gaban masu sasanci, a ci shi tara. Tunda kusan duk daraktan da ake ji da shi ɗan ƙungiya ne, kamfani ba shi da wata hanya sai bi.

Sharaɗin da ya fi shahara ya shiga yarjejeniyar a 1978: fim ɗaya, darakta ɗaya. Kafin nan ana iya raba suna. Robert Wise da Jerome Robbins sun raba sunan West Side Story na 1961, har suka raba Oscar, duk da cewa an dakatar da Robbins ana tsakiyar aiki. Abin da ƙungiyar ta hango shi ne, muddin sunan yana rabuwa, to mai kuɗi zai ce a sa shi, babban jarumi ma zai ce a sa shi, daga nan kujerar darakta ta zama kyautar da ake yi wa wanda ake jin tsoro. Sun ga yadda labari ɗaya ke fitowa da sunayen marubuta uku ko huɗu, ba su so tasu sana'ar ta koma haka. Saboda haka idan mutum biyu suka yi aiki a fim ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, akan duba gudummawar kowa a ba mutum guda sunan. Ɗayan ya karɓi kuɗinsa ya yi haƙuri.

Akwai rangwame, amma sai ga mutum biyun da suka tabbatar wa ƙungiyar cewa tare suke aiki, kai ɗaya, murya ɗaya a wurin ɗauka. Samun wannan izini ba abu ne mai sauƙi ba. 'Yan'uwan nan Joel da Ethan Coen tare suke ba da umarni tun fim ɗinsu na farko a 1984, amma shekara ashirin ana rubuta Joel a matsayin darakta, Ethan a matsayin furodusa. Sai a 2004 aka fara jera sunayensu a wuri ɗaya. Robert Rodriguez shi bai tsaya jira ba. Da zai yi Sin City na 2005, ya nace sai an rubuta shi tare da Frank Miller, wanda ya zana littattafan da aka ɗauko labarin daga ciki. Ƙungiya ta ce ba tsofaffin abokan aiki ba ne, Miller bai taɓa ba da umarni ba. Rodriguez ya ajiye katinsa ya fice, ficewar kuma ta sa ya rasa wani babban aiki da yake shirin yi wa kamfanin Paramount.

Sharaɗi na biyu sunan mutum yake ɗauke da shi. A lokacin ɗaukar The Outlaw Josey Wales, wanda ya fito a 1976, Clint Eastwood shi ne jarumi, kamfaninsa ne kuma ke shirya fim ɗin. Suka saɓa da darakta Philip Kaufman, wanda ya sha wahalar gyaran labari da share fage. Aka kori Kaufman, Eastwood ya hau kujerar. Ƙungiya ta ci tara, sannan ta kafa abin da har yau ake kira dokar Eastwood: kamfani yana da ikon sallamar darakta, amma wanda yake cikin aikin tun farko, jarumi ne ko furodusa, ba zai gaje shi ba. Dole a nemo wani daga waje. Hikimar a fili take. In dai mai korar ba zai ci gadon ba, kwaɗayin korar ya ragu.

A ganina wannan shi ne sharaɗi mafi adalci a cikinsu, amma shi ne kuma ya fi koya wa mutane zagaye. Masu rubuta tarihin Eastwood sun ce a fim ɗin Tightrope na 1984 shi ya riƙe yawancin aikin, aka bar sabon darakta Richard Tuggle da suna. Wato an daina korar darakta, an koma barinsa a zaune ana aiki ta bayansa. Dokar ta kare masa suna da albashi, ba ta iya kare masa iko ba.

Batun iko ya fi fitowa a ɗakin tace hoto. Tun 1964 darakta yake da haƙƙin haɗa fim ɗinsa yadda ya ga dama kafin kowa ya sa hannu. A manyan finafinai, mako goma ake ba shi bayan an gama ɗauka, shi da edita, ba wanda zai tsoma baki ko ya riƙa yanka a ɓoye. In ya gama sai ya nuna wa kamfani. Daga nan fa kamfani ke da wuƙa da nama: zai iya rage tsawo, ya sauya ƙarshen labari, ya sa a sake ɗaukar wasu fitowa. Dalili kuwa, a dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, kamfanin da ya biya kuɗin aiki shi ne mai fim, darakta ɗan kwangila ne. Yankan ƙarshe, wato ikon yanke yadda fim zai fita ga 'yan kallo, ba ya cikin abin da ƙungiya ta samo wa kowa, sai wanda sunansa ya kai ya nema a kwangilarsa, irin su Steven Spielberg. A Faransa abin ya bambanta, doka tana ɗaukar darakta a cikin mawallafan fim. Shi ya sa a 1991 magadan daraktan Amurka John Huston suka yi nasara a babbar kotun ƙasar kan sanya launi a wani tsohon fim ɗinsa mai baƙi da fari, abin da ba su da hanyar hanawa a gida.

To idan kamfani ya dagula fim har mai shi ya ji kunyar a ce nasa ne fa? Nan ne aka haifi daraktan da bai taɓa rayuwa ba. Asali ƙungiyar ta hana amfani da sunan aro, don kada furodusa ya tilasta wa darakta ɓoye kansa. Sai aka samu matsala a Death of a Gunfighter na 1969. Jarumi Richard Widmark ya saɓa da darakta Robert Totten, aka kawo Don Siegel ya ƙarasa. Siegel ya ce shi ba ya son sunan, ba a kuma sa na Totten ba. Ƙungiya ta amince a ƙirƙiri suna, aka rubuta Allen Smithee, wanda daga baya aka fi rubutawa Alan Smithee. Abin dariya, masu sharhi suka yabi aikin wannan sabon darakta, har da Roger Ebert, wanda ya ce bai san sunan ba.

A lokacin da ake amfani da sunan, ba kowa ake ara wa ba. Sai darakta ya gamsar da kwamitin ƙungiya cewa ƙwace masa fim aka yi, ba wai aikinsa ne ya yi muni ba. Sannan ya yi alkawarin ba zai fita yana ba da labarin rigimar ba. David Lynch ya yi amfani da shi a kan doguwar sigar Dune da aka haɗa wa talabijin ba da yardarsa ba. Tony Kaye kuwa ya nema a American History X na 1998 aka hana shi, domin ya riga ya sayi shafuka a jaridun masana'antar yana caccakar kamfanin.

Abin da ya kashe sunan shi ne wani fim na barkwanci da aka yi a kan sa, inda wani darakta mai suna Alan Smithee na gaskiya yake son cire sunansa amma babu na aro sai nasa. Arthur Hiller ne ya ba da umarni, sai shi ma ya ƙi yarda da yankan da aka yi, ya nemi a cire sunansa. Fim ɗin ya fita da sunan Alan Smithee a matsayin darakta, ya kuma faɗi warwas a kasuwa. Asiri ya tonu, duk ɗan kallo ya san ganin sunan alama ce ta fim da ya lalace, kamfanoni suka daina yarda da shi. Ƙungiya ta ajiye shi, ta koma ba kowa sunan aro na daban. Walter Hill ya fita daga Supernova na 2000 da sunan Thomas Lee.